Yanke ƙafar mai ciwon suga: wa ya kamata a koyar, kuma me za a koya masa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga a Sakkwato ya san abin da ake raɗawa idan ƙurji ya fito masa a ƙafa: kada a kai shi babban asibiti, yankewa za su yi. Idan kuma ka zauna da likitocin da ke yankewar, za su ce maka ba a kawo masu mutum sai ƙafa ta riga ta mutu, ta yi baƙi, wari ya cika ɗaki. Kowa da abin da ya gani da idonsa. Dangi sun ga an shiga da mutum da ƙafa biyu an fito da shi da ɗaya. Likita ya ga gyambon wata biyu da aka yi ta barbaɗa wa magani a gida. Tsoron yankewa ke hana zuwa da wuri, jinkirin kuma shi ke jawo yankewar.

Ana cikin haka ne lokaci zuwa lokaci, musamman gab da 14 ga Nuwamba da ake ranar ciwon suga ta duniya, mukan ji an tara likitoci a taron ƙara wa juna sani kan rage yanke gaɓoɓin masu suga. Jama'a na tambaya, kuma suna da gaskiyarsu: wanda ya shekara shida a jami'a yana karatun likita, me ya rage a koya masa game da ƙafa? Zaman yini guda a zaure mai sanyi, ta yaya zai ceci ƙafar manomin da ke Gada ko Kebbe? A ganina horon na ceton ƙafa, amma sai an duba su wa aka tara, da abin da aka sa hannunsu ya yi a wurin.

Mene ne wannan karatu na bayan an kama aiki

Hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi a Najeriya ta wajabta wa kowane likita ya riƙa halartar karatun sabunta ilimi, ya tara maki, kafin a sabunta masa lasisin aiki. Nas-nas da ungozoma suna da irin wannan tsari a ƙarƙashin tasu hukumar, haka ma ma'aikatan lafiya na matakin farko da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauye. Dalilin a bayyane yake. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar mai suga, wato IWGDF, ta fara fitar da ƙa'idojinta a 1999, kuma duk shekara huɗu sai ta sake duba su. An fitar da sabon bugu a 2023. Wanda ya gama makaranta a 2005 bai sake buɗe littafi ba, an sauya abubuwa da dama a bayansa.

Akwai kuma wani giɓi da ya girmi wannan. A asibiti ƙafar mai suga ba ta da uban gida. Likitan da ke duba suga idonsa na kan lambar da na'ura ta nuna da adadin ƙwayar da zai rubuta. Likitan tiyata ba ya ganin ƙafar sai ta ruɓe. Ƙwararren da aikinsa kula da ƙafa ne kaɗai, irin wanda ake samu a Ingila ko Afirka ta Kudu, a Najeriya 'yan ƙalilan ne. Sai mutum ya shekara goma yana zuwa asibiti duk wata, ana auna masa suga da hawan jini, ba a taɓa ce masa ya cire takalmi ba.

Raunin tsarin makin shi ne zaman kujera ake sakawa da shi. Ka zo, ka sa hannu, ka karɓi takarda. Nazarin da aka yi ta yi kan irin wannan horo ya nuna lacca zalla ba ta cika sauya yadda ma'aikaci ke aiki ba. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda aka haɗa da gwaji da hannu, da tattauna majinyata na gaske, da bibiya daga baya.

Yadda suga ke cin ƙafa

Suga idan ya daɗe a sama cikin jini, abu na farko da yakan lalata a ƙafa shi ne jijiyoyin da ke kai saƙon ji. Wani zai ce yana jin kamar ana soka masa allura da dare, wani kamar an shafa masa barkono, wani kuma ya ce kamar a kan auduga yake tafiya. Daga nan jin yakan ɗauke gaba ɗaya, mai ciwon ya yi hamdala cewa ya samu sauƙi, alhali nan ne hatsarin ya fara. Zafi shi ke sa mutum ya tsaya ya cire ƙaya, ya sauya takalmin da ya matse shi, ya janye ƙafa daga wuta. In babu shi, mutum na iya yini da ƙusa a cikin takalmi bai sani ba.

Lalacewar jijiyoyin ba a ji kaɗai ta tsaya ba. Ƙananan tsokokin ƙafa sukan shanye, yatsu su tanƙware, nauyin jiki ya taru a wurare biyu ko uku a tafin ƙafa. Wurin sai ya yi kanta, kantar ta riƙa danna naman da ke ƙarƙashinta har jini ya kwanta, rami ya buɗe a ciki ba a gani. Zufa ma takan daina fita a ƙafar, fata ta bushe ta tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙwayoyin cuta ne ke shiga.

Hanya ta biyu ita ce toshewar jijiyoyin jini, wadda shan taba da hawan jini da ciwon ƙoda ke ƙara wa gudu. Rauni ba ya warkewa sai da jini, kuma maganin da aka sha ko aka yi allurarsa jini ne ke kai shi wurin. Idan jini ya ƙaranta, ko wane magani aka rubuta, kaɗan ne zai isa yatsa. Ta uku kuma, suga mai yawa na raunana garkuwar jiki, sai ƙaramin ciwo ya bi jijiya da ƙashi ya haura cikin kwanaki, wani lokaci ba tare da zazzaɓi ba.

Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu suga za su yi gyambon ƙafa a wani lokaci na rayuwarsu, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na ƙafafun da ake yankewa saboda suga da gyambo suka fara. Ma'anar adadi na biyun ita ce akwai tazara tsakanin fitowar ciwo da wuƙar tiyata, ta makonni ko watanni, kuma a cikinta ake cin nasara ko a rasa.

Abin da ƙasarmu ke ƙarawa a kai

Yawancin hotunan da ake haskawa a wurin horo daga Turai suke: farar fata da ta yi ja, takalmi sau-ciki, dusar ƙanƙara. Ƙafar Basakkwace da wasu abubuwan take fama. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, daɓen siminti da yashin tsakar gida su yi zafin da zai iya tayar da bororo, ga mutum ya fito babu takalmi daga ɗaki zuwa wurin alwala, ko ya tsaya a harabar masallaci ranar Juma'a. Da hunturu kuma kaushi da faso, sannan tsoho ya jawo kasko ya miƙa ƙafa yana jin ɗumi, barci ya ɗauke shi. Ruwan zafin da ake gasa ƙafa da shi ma haka: hannun mai jinya ba zai jure ba, amma ƙafar ba ta ce komai ba. Alhazai na da nasu kason, domin wanda takalminsa ya ɓace a ƙofar Harami ya taka kwalta da rana zuwa masauki, yakan dawo gida da ƙuna.

Sai mai yankan akaifa da ke yawo kasuwa da almakashi da aska, yana kankare kanta har ya taɓa nama. Sai silifas mai igiya tsakanin yatsu, da takalmin roba da ke ɗaukar zafi. Sai lalle, wanda ke rufe launin fata a daidai inda ake son a ga ko ta sauya. Baƙar fata dama ba ta cika nuna ja ba, shi ya sa ma'aikacinmu ya fi buƙatar a koya masa ya ɗora bayan hannunsa a ƙafa ɗaya, ya ɗora a ɗayar, ya ji wadda ta fi ɗumi.

Alwala tana da fuska biyu a wannan batu. Ruwan da ke kwanciya tsakanin yatsu idan ba a goge ba yakan sa wurin ya yi fari ya tsage. Amma kuma babu wata al'umma da ta fi mu damar duba ƙafa: sau da dama a yini mutum na riƙe da ƙafarsa a hannu yana tsettsefe yatsu. Abin da ya rage kawai a ce masa ya riƙa kallo, ya shafa tafin, ya goge tsakanin yatsun da ƙyalle. Wanda suga ya taɓa masa ido, ko ƙiba ta hana shi sunkuyawa, sai a ɗora wa ɗa ko mata ko jika. Ga wanda aka ɗaure wa rauni, malamanmu sun daɗe da bayanin halaccin shafa a kan ɗauri, amma majinyata da yawa na kwance bandeji su zuba ruwa saboda babu wanda ya tuna masu. Ma'aikacin da ya san wannan mas'ala ya riga ya yi rabin aikin dressin ɗinsa.

Makonnin da ake ɓatarwa kafin a iso

A ɗauki manomin albasa a fadamar Goronyo, mai shekara hamsin da wani abu, wanda bai ma san yana da suga ba, kamar yadda fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su sani ba. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa. Bai ji ba. Bayan kwanaki uwargida ta ga tabo a tabarmar da yake kwana. Ya je wurin mai kemis, aka ba shi kafso na kwana uku, aka fasa ɗaya aka barbaɗa garin a kan ciwon. Ba a auna suga ba. Ya koma ban ruwa, ƙafa cikin laka.

Ciwo ya ƙi rufewa, sai masu ba da shawara suka shigo. Wannan ya ce daji ne, kuma daji ba ya son allura. Wancan ya ce ajiya ya taka. Aka jiƙa saiwa, aka shafa gari, aka ɗaure da tsumma. Da ƙafa ta kumbura aka kai shi ƙaramin asibiti, malamin asibiti ya wanke, ya shafa aidin, ya naɗe, ya ce a dawo jibi, kuma a ƙafa ya tako ya zo, a ƙafa ya koma. Sai da yatsa ya yi baƙi aka sayar da tunkiya aka ɗauki mota zuwa Sakkwato.

A ƙirga ƙofofin da mutumin nan ya ƙwanƙwasa kafin ya ga ƙwararren likita. A kowace akwai wanda da ya san abu biyu kacal, wato a auna suga ga duk babban mutum mai ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa, kuma a tura shi gaba nan take, da labarin ya sauya. Ƙwararren da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru shi ne na ƙarshe a layi, kuma shi ne aka fi gayyata taron horo.

Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci shida na Najeriya tsakanin 2016 da 2017, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya bi diddigin mutum 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa na suga. Fiye da kashi ɗaya cikin uku an yanke masu wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma sun rasu. Akasarinsu sun iso ne ciwo ya riga ya yi nisa. A Ingila ƙa'ida ita ce a tura mai sabon gyambo ga tawagar ƙafa cikin ranar aiki guda. Mu a nan da makonni ake lissafi.

Binciken da bai wuce minti uku ba

Ga abin da nake ganin ya kamata kowane mahalarcin horo ya yi da hannunsa, a kan ƙafar mutum, kafin a ba shi takardar shaida.

Dattijo ya zauna, nas ta ce, "Baba, a cire takalman duka biyu, har da safa." Zai ce, "Ɗiyata, ai ƙahwag ga lahiya lau take, ba ta min ciwo." Wannan amsar kanta alama ce, ba dalilin ƙyale shi ba. Za ta fara ɗaukar takalmin ta zura hannu ciki, ko akwai tsakuwa, ko kan ƙusa, ko ɗinki mai kaifi. Sannan ta ɗaga ƙafar ta dubi tafi da dunduniya, ta buɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta lura da kanta, musamman mai ɗigon baƙi a ciki, da wadda zaman tahiya ke bari a idon sawu na waje. Ta ɗora yatsunta a bayan ƙafa, da kuma bayan idon sawu na ciki, tana neman bugun jini.

Sai gwajin ji. Akwai wani siririn zaren roba mai kama da na fatsa, an yi shi yadda zai lanƙwashe idan an danna shi da nauyin giram 10. Baba ya rufe ido, ta taɓa ƙasan babban yatsa da gindin babban yatsa da gindin ƙaramin yatsa, tana tambaya ko ya ji, kuma a wace ƙafa. Inda babu zaren, akwai gwajin da likitoci a garin Ipswich na Ingila suka fito da shi, wanda ba ya buƙatar komai sai ɗan yatsan ma'aikaci: a taɓa kan yatsa na ɗaya da na uku da na biyar a kowace ƙafa, a hankali, na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba dannawa. In biyu ko fiye daga cikin shidan bai ji ba, jinsa ya ragu.

Daga nan ake sanin matsayin mutum. Wanda jinsa da jininsa ke lafiya, a duba shi sau ɗaya a shekara. Wanda ɗaya ya taɓu, duk wata shida zuwa shekara. Wanda abu biyu suka haɗu masa, ko yatsu suka karkace, duk wata uku zuwa shida. Wanda ya taɓa yin gyambo, ko aka taɓa yanke masa wani abu, ko ƙodarsa ta gaza, duk wata ɗaya zuwa uku. Babu wutar lantarki a cikin wannan aiki, babu na'ura mai tsada.

Idan gyambo ya riga ya fito

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk ƙarfi kan abin da za a shafa. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne a ɗauke wa wurin nauyi, domin ramin da ake takawa kullum ba ya cikewa. A manyan cibiyoyi ana yin wani irin filasta da ke rarraba nauyi. Inda babu, ko sanda biyu da soso mai kauri da aka yanke wa gurbin ciwon sun fi babu. Sai a kankare mataccen nama da kanta da wuƙar tiyata, aikin wanda aka horar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa na gyambon da ya harbu ne, mai kumburi da ɗumi da mugunya. Ba a ɗura wa kowane rauni. Idan aka zura ƙarfen gwaji ya taɓa ƙashi, akwai yiwuwar ƙashin ya kamu. Idan babu bugun jini, ko mako huɗu ya wuce ciwo bai ragu sosai ba, ba sauya man shafawa za a yi ba, tura shi gaba za a yi. Kuma a duk tsawon lokacin dole a sauko da suga, sau da yawa da allurar insulin.

Akwai kuma ƙafar da za ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da rauni ba, ƙasusuwan ciki na rugujewa a hankali. A wurinmu irin wannan wurin maɗori ake fara kaiwa a ce targaɗe ne, a ja a murɗa. Ita ma hutu da filasta take buƙata cikin gaggawa.

Masu cewa ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba

Akwai ma'aikatan lafiya da ke ganin duk wannan ɓata lokaci ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sukan ce: mun san abin yi, kuɗin yi ne babu. Tun da aka saki darajar naira a 2023 farashin insulin da tsinken gwajin suga da magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma yawancin mutanenmu daga aljihu suke biya. Aikin buɗe jijiyar jini da ta toshe ba ko'ina ake yin sa ba, inda ake yi ma ya fi ƙarfin talaka. Likitoci na ta ficewa ƙasashen waje. A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, rashin tsaro kaɗai ya isa ya hana mutum hawa hanya. Wanda kuma ka ce ya ɗauke ƙafa daga ƙasa na wata biyu, wa zai ciyar da gidansa?

Duk gaskiya ne, kuma babu lacca da za ta sauko da farashin insulin. Shi ya sa batun shigar da masu suga cikin inshorar lafiya ta jiha da ta tarayya ba zai rabu da wannan magana ba. Sai dai talaucin nan shi ne babbar hujjar horon. Inda babu kuɗin gyara, tarewa tun farko ce kaɗai ta rage, kuma ita ce mai araha.

An gwada an gani. A 1989 ƙasashen Turai suka taru a Saint Vincent ta Italiya suka yi alkawarin rage yanke ƙafar masu suga da rabi cikin shekara biyar. Wa'adin ya cika mafi yawansu ba su kai ba. Inda aka samu raguwa sosai daga baya shi ne inda aka kafa tawaga ta musamman da hanyar tura majinyaci da sauri. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Tanzaniya. A farkon shekarun 2000, Dakta Zulfiqarali Abbas na Darussalam da abokan aikinsa suka fara wani shiri na horo mataki-mataki, wanda aka gudanar da irinsa a Indiya. Ba ɗaiɗaikun mutane suke gayyata ba, likita da nas ake ɗaukowa tare daga asibiti guda. A koya masu da majinyata a gabansu, a ba su kayan aiki su tafi da su, bayan shekara su dawo zagaye na biyu da bayanan waɗanda suka duba, su kuma koyar da wasu a yankinsu. Rahotannin shirin sun nuna yanke ƙafa ya ragu a tsakanin waɗanda ake turowa babban asibiti.

Wani abin lura: sau da yawa kamfanonin magani ke ɗaukar nauyin irin waɗannan taruka. Ba laifi ba ne a karan kansa, amma idan aka wayi gari rabin lokacin ya tafi kan sabon bandeji mai tsada, ba a ware ko rabin awa an sa mahalarta sun taɓa ƙafa ba, an san wanda taron ya amfana.

Mai kemis, wanzami da baduku

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Wasu likitoci na ganin kiran mai kemis ko wanzami wurin horo tamkar ba su lasisin yin abin da bai kamace su ba ne; gobe mutum zai rataye takardar a shago ya ce shi ma likitan ƙafa ne. Fargabar tana da tushe. Amma ko an kira su ko ba a kira su ba, wurinsu jama'a ke fara zuwa. Ba magani za a koya masu ba, iyaka za a koya masu: mai suga ba a sa masa aska a ƙafa, ba a yi masa tsaga, ciwon ƙafar da ya kwana biyu bai nuna alamar rufewa ba a tura shi, ga lambar wanda za a kira. Sarakunan aska da shugabannin ƙungiyar masu kemis suna da faɗa a ji, ta hannunsu saƙon zai fi saurin isa.

Dukawa kuwa ban ga dalilin da zai sa a bar su a baya ba. Garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna tun ƙarnoni bai kamata mai suga ya rasa takalmin da ya dace da shi ba. Abin da ake nema takalmi ne mai faɗin gaba da yatsu za su sake, mai rufe dunduniya, babu ɗinki a ciki, da shimfiɗa mai laushi, a auna ƙafar da yamma lokacin da ta ɗan kumbura. Na waje da ake kira na asibiti tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutane. Baduku da aka zaunar da shi yini biyu tare da likitan ƙashi zai iya ɗinka abin da ya fi silifas nesa ba kusa ba.

Ranar da yankewa ta zama dole

Duk ƙoƙarin da aka yi, akwai ƙafar da ba za ta tsira ba, kuma barin ta na nufin gubar ta shiga jini ta tafi da mai ita. A nan ma jinkiri na da farashi. Abin da yau yatsa ɗaya ne, mako mai zuwa rabin ƙafa ne, bayansa ƙasa da gwiwa, sannan sama da gwiwa. Wanda aka bar masa gwiwa ya fi samun sauƙin tafiya da ƙafar roba ƙwarai da gaske. Iyalai da yawa kan sa hannu su ɗauke majinyaci idan an ambaci tiyata, su dawo bayan kwana goma a yanke sama da inda aka faɗa da farko.

Yadda ake faɗa wa mutum wannan magana darasi ne da ya kamata ya shiga horon. Ba a tsaye a bakin gado ba, ana haɗawa da Turanci. A zauna, a gano wanda maganarsa ke yanke hukunci a gidan, wa ne ko kawu ko babban ɗa, a nuna masu hoton ƙashin, a yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci. Masu cewa suna son su koma ga Allah da jikinsu cikakke, malamai na da abin faɗa masu: Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ciwo ya ci ƙafarsa a zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, ya yarda aka yanke ta, ya ci gaba da karantarwa.

Bayan an warke kuma ba a gama ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda gyambonsu ya rufe, wani kan sake fitowa cikin shekara guda. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya, duk nauyinsa ya koma kan ɗayar, wadda ita ma suga bai bar ta ba.

Ta yaya za a san horon ya yi aiki

Yawan waɗanda suka halarta ba ya nuna komai. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23. Da za a ɗauko mutum biyu daga babban asibitin kowace, a horar da su da hannu, a ba su zaren gwaji da littafin rajista, a haɗa su da ƙwararre guda da za su iya tura wa hoton ciwo ta waya da izinin majinyaci, da an samu abin aunawa. A littafin a rubuta ranar da aka duba ƙafa, matsayin da aka ba ta, ranar da ciwo ya fara, ranar da aka tura mutum, da ranar da ya isa. Bayan shekara a dawo da littattafan a buɗe.

Ga mai suga da iyalinsa, alamar da za su fara gani ita ce a ce masu a cire takalmi ba tare da sun kawo kuka ba. In ba a ce ba, babu laifi mutum ya cire da kansa ya miƙa ƙafar. Yatsa ya sauya launi, ko wari, ko kumburi da ɗumi, ko ciwo tare da zazzaɓi, wannan tafiyar ranar ce, ba ta jiran ranar kasuwa ba.

Masu riƙe da alƙaluma kuma su shirya wa abu guda. A shekarar farko adadin tiyata na iya hawa maimakon sauka, saboda waɗanda a da suke mutuwa a gida yanzu suna isowa. Don haka sai an raba lissafin gida biyu, na yatsa da rabin ƙafa daban, na ƙasa da gwiwa da sama da gwiwa daban, a riƙa rubuta adadin waɗanda suka rasu da waɗanda aka ɗauke kafin a gama magani. Idan na yatsa da rabin ƙafa ya hau, na ƙasa da gwiwa da sama da gwiwa ya sauka, kuma kwanakin da ke tsakanin fitowar ciwo da isowa asibiti suka ragu, a faɗaɗa shirin zuwa asibitocin matakin farko na mazaɓu.